RA'AYINMU: Direba ya gudu, to motar ta wane ce?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mai Ruwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ya san da wuya ya kai inda za shi bai ga mushen mota a gefen kwalta ba. Wata kamyo ce ta kife da buhunan albasa, wata Hiyas ce ta yi taho mu gama da tirela, wata kuma ta daɗe a wurin har yara sun kwance mata ƙafafu. Matafiya su yi salati, su ce Allah ya kiyaye na gaba, mota ta wuce. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne, bayan an kwashe masu rauni an yi wa mamata sutura, wa ya ɗauki nauyin abin da ya faru? Sunan wa aka rubuta a takarda?

Mun ɗauko wannan magana ne domin ku ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu saye da sayarwa a kasuwannin ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Dogon Kirya da Sukukutan, har zuwa Gesheme da Dumega da Tibiri, wadda ta samu matsayin gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Ku ne kullum a kan hanya. Ku ke loda wake da gero da gyaɗa da dankali da raken fadamun Dallol Mauri, ku kuma ke zama a kan kayan ko a gefensu har a isa. A kan wannan kwalta ɗaya kuke gogayya da manyan motocin albasar Galmi, da na simintin Malbaza, da tankokin man da ke fitowa daga matatar Damagaram tun da aka buɗe ta a 2011. In tsautsayi ya gitta, jikinku da jarinku ne a gaba.

Matsayinmu a taƙaice shi ne wannan: takardar da jami'an tsaro ke rubutawa bayan haɗari, wadda aka fi sani da konsta, ba ta cika ba in dai lambar mota da sunan direba kawai ta ƙunsa. Dole ne ta bayyana wanda ke sana'ar sufuri da motar a ranar da abin ya faru, da cikakken sunansa da mazauninsa da kamfanin lasurans ɗinsa. In babu wannan, to an rubuta labarin haɗari ne kawai, amma ba a buɗe wa kowa ƙofar neman haƙƙinsa ba.

Wani zai ce ai lambar mota ta isa, tun da da ita za a binciko mai ita. Wanda ya san tasha ba zai faɗi haka ba. Mota ɗaya tana iya samun mutum huɗu a bayanta. Akwai wanda sunansa ke cikin kartigiris, wanda mai yiwuwa ya sayar da ita shekara biyar da suka wuce ba a sake takarda ba, ko ma ya riga mu gidan gaskiya. Akwai wanda ya saye ta da baki a gaban shaidu, yana zaune a Maraɗi ko Yamai. Akwai wanda ya ɗauke ta haya yana jigila da ita, yana kai wa mai ita balas a ƙarshen mako. Sannan ga direba, wanda shi ma wani lokaci ya gaji ya miƙa wa yaron mota sitiyari. Ga kuma ɗan kamasho a tasha, wanda shi ne ya karɓi kuɗinki ya ce ki kawo kaya, amma da an ce mota ta faɗi zai ce shi lodi kawai ya yi. A wajen tirela abin ya fi rikicewa, domin kan motar yana da lambarsa, bodin da yake ja yana da tasa daban, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke da su ba. Jami'in da ya rubuta lambar baya kaɗai ya bar ta gaba, yana iya kama sunan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kowa ya san kuma abin da direba ke yi in ya ga an yi asarar rai. In ƙafafunsa na aiki, daji yake shiga don tsoron fushin jama'a, takardun mota na cikin aljihunsa. In kuwa shi ma ya jikkata ko ya cika, to ba mai ba da amsa. A nan ne mai mota na gaskiya ke samun damar yin shiru a gidansa, ya bar marayu da zawarawa suna zarya tsakanin ofishin jandarmomi da tasha, kowa na ce musu ku dawo jibi.

Abin takaicin shi ne doka ba ta bar talaka haka ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a kan yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a ranar 10 ga Yulin 1992, wadda dokar lasurans ɗinta ta soma aiki a 1995. Wannan doka ta wajabta wa duk mai mota ya yi lasurans da zai biya mutanen da motarsa ta yi wa ɓarna. Ta kuma ce duk haɗarin da aka ji rauni ko aka rasa rai a cikinsa, jami'an da suka yi konsta su aika wa kamfanonin lasurans da abin ya shafa kwafin takardar cikin wata 3, ba sai an roƙe su ba. Daga nan kamfanin ne doka ta ɗora wa ya nemi wanda ya jikkata ko magadan mamaci ya yi musu tayin diyya cikin wa'adin da aka ƙayyade. A wasiƙarsa ta farko wajibi ne ya sanar da su cewa suna da ikon karɓar kwafin takardar konsta daga hannunsa, kuma suna iya neman wanda zai tsaya musu. An ba mai haƙƙi shekara 5 daga ranar haɗari ya kai ƙara, in ta wuce an rufe ƙofa.

Ku duba da kyau, duk wannan tsari a kan abu ɗaya ya rataya. In takardar ba ta faɗi mai motar da kamfanin lasurans ɗinsa ba, wa za a aika wa? Jami'i ba zai aika takarda ga wanda bai sani ba, kamfani ba zai yi tayi a kan haɗarin da bai ji labarinsa ba. Layi biyu da aka bari babu rubutu a gefen hanya cikin dare, su ne ke hana mace mai ƴaƴa shida kuɗin da doka ta ce nata ne.

Sai batun kaya, wanda a nan ne ƴan kasuwa da yawa ke shan mamaki. Lasurans ɗin dole da ake liƙawa a gilashin mota ba ya biyan hajar da motar ta ɗauko. Na jikin mutane ne da dukiyar waɗanda motar ta afka wa a hanya. Buhunan da ke cikinta ba sa ciki, sai in an yi musu nasu lasurans daban. To wa zai biya kayan? Amsar tana cikin wata doka ta ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, da aka zartar a ranar 22 ga Maris na 2003 a kan jigilar kaya ta hanyar mota, ta soma aiki a farkon 2004. Dokar ta ce wanda ya karɓi kaya zai kai a kan kuɗi, shi ke da alhakinsu tun daga lodi har saukewa, kuma laifin direbansa da yaransa laifinsa ne, sai fa in ya tabbatar da cewa abin da ya faru ya fi ƙarfinsa ko kuma laifin mai kayan ne. Ta sa iyakar diyya a kan jika 5, wato sefa 5,000, a kowane kilo. Buhun wake mai kilo 100 ke nan iyakarsa ta kai sefa 500,000, wanda ya zarce kuɗin buhun nesa ba kusa ba, don haka mai kayan abinci za a iya biyan ta daidai abin da ta yi asara. Masu ɗauko kaya marasa nauyi masu tsada, kamar wayoyin salula da leshi, su ne ya kamata su sa a rubuta darajar kayansu tun wajen lodi, domin dokar ta yarda da haka.

Amma wannan doka tana da wa'adi mai tsauri. Sai an rubuta wa mai jigilar takardar koke cikin kwana 60 daga ranar da aka sauke kayan da suka lalace, ko cikin wata 6 daga ranar lodi in kayan ba su iso ba sam. Ƙarar kanta kuma shekara 1 aka ba ta. A ɗauka wata baiwar Allah daga Gesheme ta kwashi adashinta, ta haɗa da bashin da ta ci, ta sayi wake buhu 20 za ta kai Yamai, mota ta kife kafin Doso, ruwa ya bi ta kan kayan. Doka ta ce a biya ta. To wa za ta rubuta wa takardar koken? Abin da ta sani shi ne direban ana ce masa wane, motar kuma shuɗiya ce mai zanen zaki a baya. Kafin ta gano mai motar wa'adi ya cika, masu bin ta bashi kuwa ba su san wani wa'adi ba.

Dalili na uku ya shafi kowa, har wanda bai taɓa loda ko tiya ɗaya ba. Haɗari ba ya rabuwa daidai tsakanin masu motoci. Akwai mai motar da ke gyara birki, ya sayi taya mai kyau, ya bar direbansa ya yi barci. Akwai kuma wanda ke sayen tsofaffin tayu, ya loda wa mota abin da ya fi ƙarfinta, ya ce wa direba in bai juyo gobe da safe ba ya ajiye makulli. In ana rubuta sunan direba kaɗai, wannan mutum zai kori direba ya ɗauki wani, ya sake fenti, mota ta koma hanya, ba wanda zai taɓa lura cewa motocinsa ne suka faɗi a Kore Mai Ruwa bara, da kusa da Ƙonni bana. Amma in sunansa na fitowa a kowace takarda, kuma takardun na haɗuwa wuri guda, hukuma za ta ga hannu ɗaya ne, kamfanin lasurans zai gani, ku ma masu kaya za ku ji ku guje shi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Mu a Nijar ba mu manta daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, da tankar mai ta faɗi ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane sama da 50 suka hallaka nan take. Babbar mota ɗaya tana iya jefa unguwa guda cikin makoki, saboda haka sanin mai ita ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka doka ta tilasta wa masu jigila tsakanin jihohi su rubuta sunan kamfanin da ke aiki da motar da lambar rajistarsa ta ma'aikatar sufuri a gefuna biyu na motar, da manyan baƙaƙen da za a iya karantawa daga nesa, kuma wannan lamba ce ɗan sanda ke nema ya sa a rahoton haɗari. A maƙwabciyarmu Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa a 1988 ta fito da tsari a 2007 na yi wa duk mai motocin haya 5 ko fiye rajista, kuma a manyan tashoshi ana rubuta sunayen fasinjoji kafin mota ta tashi. A nan gida ma manyan kamfanonin bas-bas sun nuna abin mai yiwuwa ne: sunansu na jikin mota, suna ba da tikiti, suna liƙa wa kaya lamba. Matsalar tana wajen motocin kasuwa-kasuwa, da Hiyas, da tsofaffin kamyo masu bin hanyoyin ƙauye, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawanku.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ya kamata a saurare su. Jandarma zai ce a tsakiyar dare, ga jini ga kuka, aikinsa na farko shi ne ceton rai da buɗe hanya, ba tambayar takarda ba. Gaskiya ne, kuma muna jinjina wa masu wannan aiki. Amma konsta ba a gefen hanya take ƙarewa ba. Motar tana nan a hannun hukuma, kuma ko ba daɗe ko ba jima mai ita zai aiko a karɓa. Wannan ita ce damar. Kada a saki mota ko bodi sai wanda ke aiki da ita ya bayyana, an ga katinsa, an rubuta sunansa da mazauninsa.

Ƙananan masu motoci kuma za su ce ana so ne a ƙara musu haraji da wahalar shingaye. Ba mu goyon bayan a mayar da wannan wata hanyar tatsar direbobi. Fenti da ake rubuta kirari da shi a bayan mota ya isa ya rubuta suna da gari da lambar waya a ƙofa. Mai gaskiya ma riba zai ci, domin in motarsa ba ta da laifi takarda ce za ta wanke shi, kuma wanda ya sayar da mota ya sake kartigiris ya huta da sammacin abin da bai aikata ba.

Sai masu cewa haɗari ƙaddara ce, neman diyya kuma kamar ƙin yarda da hukuncin Allah ne. Mun yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana a san wanda ya bar mota ba birki ba, kuma haƙƙin maraya ba na kawunsa ba ne balle ya yafe shi don kunya. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu a harkar kasuwa ba rashin yarda ba ne. Sulhu ma alheri ne, ba mu ƙi shi ba, sai dai wanda ya san haƙƙinsa ya yafe da wanda aka rufe wa ido aka ba shi kuɗin shayi, ba ɗaya suke ba.

Don haka muna kira ga jandarmomi da ƴan sandan Dogon Dutsi da Tibiri, da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa ANISER, da ma'aikatar sufuri, su tabbatar kowace takardar konsta ta babbar mota ko motar fasinja ta ƙunshi lambar kai da ta bodi, da sunan da ke cikin kartigiris, da sunan wanda ke jigila da motar in ya bambanta, da kamfanin lasurans da lambar takardarsa, da tashar da aka yi lodi, da sunayen masu kayan da ke ciki. Motar da ta shigo daga ƙetare, ko daga Kabi ko daga Sakkwato, a rubuta ƙasarta da takardar lasurans da ta shigo da ita kafin ta koma. A riƙa tara waɗannan bayanai a Doso, a duba sunayen da ke yawan maimaituwa.

Muna kira ga hukumomin garuruwan Dogon Dutsi da Matankari da Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gesheme da sauransu, tun da suna karɓar kuɗin tasha da na kasuwa, su haɗa kai da sandikar masu motoci a ajiye littafi a kowace tasha. Mota ba za ta tashi ba sai an rubuta lambarta, da mai ita, da direba, da inda ta nufa, da waɗanda ke ciki. Littafi da biro ba su kai kuɗin buhun gero ba. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata kuma su sa baki, domin in suka ce ba za a yi lodi a motar da ba a san mai ita ba, ran kasuwa ɗaya ya isa a ga canji.

Ku kuma masu karatu, kada ku jira sai hukuma ta motsa. Kafin ki ɗora kayanki, Hajiya, ki tambayi sunan mai motar da garinsu, ba sunan direba kaɗai ba. Ki sa ɗanki ko wani ɗan makaranta ya ɗauki hoton lambar gaba da ta baya, da ƴar takardar lasurans da ke liƙe a gilashi, ya duba ko kwananta bai ƙare ba. Ki nemi a rubuta miki ko a ƴar takarda ce: buhu nawa, na mene ne, daga ina zuwa ina, nawa aka biya, wa ya karɓa, da kwanan wata. Ki bar wa na gida kwafi ko ki tura musu hoton ta waya. In abin da ba a so ya faru, a je asibiti a karɓi takardar likita, a adana rasit na magani, a je wurin jandarma a tabbatar sunanki da kayanki sun shiga konsta, a rubuta wa mai motar koke tun kwanakin ba su ƙure ba. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mai motar da ya san sunansa zai shiga takarda, shi zai fi kowa duba birki kafin a yi lodi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan wannan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.